Inabin Faransa a Bidiyo, Gona a Bodinga: Lissafin da Waya Za Ta Yi Kafin a Dasa Tushe Ɗaya

Duk mai yawo a TikTok ko Facebook da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Jirgi marar matuƙi ya tashi sama ya ɗauko gonar inabi a Faransa, layi bayan layi kamar an ja su da rula, tushe na gogar tushe. A ƙasan bidiyon sai a rubuta cewa hekta ɗaya na ɗauke da tushe 10,000. Matashin da ya gaji fili a Bodinga, ko wanda mahaifinsa ke noman rani kusa da madatsar ruwa ta Shagari, yana gani sai lissafi ya fara yi masa yawo a ka: ga ƙasa, ga ruwa, ga rana, ga kuma inabin Afirka ta Kudu da na Masar da ake sayarwa cikin 'yan robobi da tsada a birnin Sakkwato.

Tunanin ba na banza ba ne, domin ana noman inabi a Arewa. Ƙaramar hukumar Kudan da ke kusa da Zariya ta yi suna a kansa. Inda gizo ke saƙar shi ne lambar nan ta 10,000. Manomin albasa idan ya kuskure tazara, ta bana ce kawai ta lalace, baɗi ya gyara. Inabi kuwa itace ne da ke zama shekara 20 zuwa 30 a wuri ɗaya, kuma ginshiƙai da wayoyin da zai hau da bututun ban ruwa duk a kan tazarar ranar farko ake kafa su. Wanda ya kwafo lambar da ba ta garinsa ba, zai daɗe yana biyan kuɗin kuskuren.

Abin daɗin shi ne, wayar da ta kawo bidiyon ita ma za ta iya nuna ko lambar ta dace da Bodinga, kuma akasarin kayan aikin kyauta ne.

Me ya sa Faransawa ke cunkusa inabi?

Gonakin da ake gani a bidiyon yawanci na yankunan Burgundy da Champagne ne. A Burgundy an saba barin mita ɗaya tsakanin layi da layi, mita ɗaya tsakanin tushe da tushe. Tun da hekta murabba'in mita 10,000 ce, sai ta ɗauki tushe 10,000 cif. A Champagne adadin ya kan kai wajen 8,000.

Suna da dalilansu. Yankin yana wajen digiri 47 zuwa 49 arewa da tsakiyar duniya, lokacin ɗuminsu gajere ne, kuma babbar fargabar manomi ita ce sanyi ya riski 'ya'yan kafin su nuna. Idan kowane tushe ya ɗauki gungu kaɗan, sai ya samu ya nunar da su da wuri. Cunkoson ne ke cike giɓin, wato tushe da yawa, kowanne da ɗan kaya. Ana kuma barin itacen gajere kusa da ƙasa don ya samu ɗumin da duwatsu suka tara da rana. Ruwan sama yana sauka musu a warwatse cikin shekara, saboda haka saiwoyi na iya gasa da juna ba tare da ƙishi ya kashe su ba.

Akwai kuma tarihi a ciki. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera ya shigo daga Amurka ya halaka gonakin inabin Turai. Da aka zo sake dashe, sai aka yi wa irin Turai aure da saiwar irin Amurka, aka jera su layi-layi daidai faɗin da doki zai bi da garma. Bayan yaƙin duniya na biyu aka ƙera wata tarakta mai dogayen ƙafafu da ke bi ta saman layi. Tazarar ta doki ce, injin ne aka ƙera don ya dace da ita.

Babban bambancin kuma shi ne abin da ake nema. Waɗannan gonakin na giya ne, kuma mai yin giya ƙananan 'ya'ya masu kaurin ɓawo yake so. A Sakkwato, inda ake aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, wannan ba ya cikin lissafi. Kasuwar nan ta inabin ci ce, da zabibi, da ruwan inabi na sha. Mai saye a bakin titi manyan 'ya'ya masu zaƙi yake dubawa. Manomin albasa a Bodinga ya san wannan tun kafin a ƙera waya: idan aka matse dashe, ƙwayar ta kan fito ƙanana. Abin da Bafaranshe ke nema da gangan shi ne abin da zai karya farashi a nan.

Ko a Turai ma ba ko'ina ake cunkoson ba. A La Mancha da ke tsakiyar Sifaniya, inda ake fama da fari, gonakin gargajiya ba sa kai tushe 2,000 a hekta, don kowane tushe ya samu faɗin ƙasar da zai nemi ruwa. Su kansu manoman Champagne a shekarar 2021 sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da a riƙa faɗaɗa layuka, saboda sauyin yanayi da tsadar aiki.

Sanyin Bodinga ya fi zafin Burgundy zafi

Masana inabi suna da wani ma'auni mai sauƙi na auna ɗumin wuri. Malamai biyu na Jami'ar California da ke Davis, Amerine da Winkler, su suka fito da tsarinsa a 1944. Inabi ba ya girma sosai idan zafi bai haura digiri 10 a ma'aunin Salshiyas ba. Don haka kowace rana ana haɗa zafi mafi yawa da mafi ƙaranci, a raba biyu, a cire 10. Abin da ya rage shi ne makin ɗumi na ranar. Sai a tara na kowace rana daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Oktoba.

Wurin da jimillarsa ba ta wuce 1,389 ba shi ne rukuni na ɗaya, mafi sanyi, kuma nan Burgundy da Champagne suka saba faɗawa. Wanda ya haura 2,222 shi ne rukuni na biyar, mafi zafi.

Yanzu a gwada da misali. Rana ɗaya a watan Yuli a Burgundy, tsakiyar lokacin zafinsu, a ce da rana 26, da dare 14. An haɗa 40, an raba biyu 20, an cire 10, saura maki 10. A ɗauko rana ɗaya a watan Janairu a Shagari, lokacin da yara ke jin wuta da asuba, a ce da rana 32, da dare 16. An haɗa 48, an raba biyu 24, saura maki 14. Ranar da ake sa rigar sanyi a Shagari ta fi tsakiyar bazarar Burgundy tara ɗumi. A watan Afrilu kuwa, da rana 41, da dare 27, maki 24 ke nan a rana guda.

Idan aka ɗauki kwana 120 daga Nuwamba zuwa Fabrairu a kan maki 15 kowace rana, an tara 1,800. Wato hunturun Sakkwato na wata huɗu ya zarce abin da Burgundy ke tarawa a wata bakwai.

Ma'anar wannan ga itacen a fili take. A ƙasa mai zafi da ban ruwa, inabi yana tofo da ƙarfi, reshe na iya yin mitoci cikin 'yan watanni. Idan aka matse shi mita ɗaya-ɗaya, sai rassa su sarƙe, iska ta daina ratsawa, cututtukan funfuna su samu maɓoya, musamman a watan Agusta. Ga kuma zafin da ya haura digiri 35, wanda ke rage wa ganye ƙarfin haɗa abinci, ya kuma ƙona 'ya'yan da rana ta buga kai tsaye. A Burgundy ana cire ganye don rana ta ga gungu. A Shagari ganyen shi ne laima.

Yadda ake ciro ainihin lambobin gona a waya

Lambobin sama misali ne. Na gaskiya suna nan a intanet, kuma ba a biyan ko sisi.

Mataki na farko, a buɗe Google Maps, a nemo gonar, a danna wurin a riƙe. Lambobi biyu za su fito, su ne adireshin gonar a taswirar duniya. A kwafe su.

Mataki na biyu, a shiga shafin NASA POWER, wanda hukumar sararin samaniya ta Amurka ta buɗe wa kowa. Yana da bayanan yanayi na kullum tun daga 1981. Shafin ya ɗan yi wa ƙaramin allo nauyi, don haka gara a sa Chrome ya nuna shi irin na kwamfuta. A zaɓi wuri ɗaya, a saka lambobin nan biyu, a zaɓi bayanan kullum, a ɗauki T2M_MAX da T2M_MIN, wato zafi mafi yawa da mafi ƙaranci, sannan a sauke fayil ɗin a tsarin CSV. Fayil ɗin shekara biyar ba ya cin datar da bidiyo ɗaya na TikTok ke ci.

Mataki na uku, a buɗe shi a Google Sheets. Idan zafin rana yana B2, na dare yana C2, sai a rubuta =(B2+C2)/2-10 a gidan da ke gefe, a ja shi har ƙasa, a tara na kowane wata. Nan take za a ga watannin da suka fi sauƙi da ranar da zafi ke fara haura 38 a kowace shekara. Wannan ranar ita ce wa'adin da ake so a gama girbi kafin ta zo.

Sai dai a san iyakar bayanan. NASA POWER ta raba duniya gida-gida, kowane gida ya kai wajen kilomita 50 a faɗi. Gonar da ke tudu a Sifawa da wadda ke bakin ruwa a Shagari suna iya samun lambobi kusan iri ɗaya, alhali wanda ya kwana a fadama ya san sanyin asubarta daban yake. Shafin yana ba da hoton yanki ne, na gona kuwa sai an auna a gonar.

Wa ya kamata a kwaikwaya?

Idan za a nemi bidiyo, gara a rubuta Nashik a YouTube maimakon Burgundy. Nashik gari ne a jihar Maharashtra ta Indiya, cibiyar inabin ci na ƙasar, kuma shekararsu ta yi kama da ta Arewa: damina daga Yuni zuwa Satumba, sanyi-sanyi daga Nuwamba, sai zafi mai tsanani a Afrilu da Mayu. Suna yawan shuka irin Thompson Seedless marar ƙwallo, suna yi masa aure da saiwar Dogridge mai jure fari da gishiri. Tazararsu ta kan kasance wajen mita 3 tsakanin layi, mita 1.5 zuwa 1.8 tsakanin tushe. Mita 3 sau 1.8 na ba da tushe 1,851 a hekta, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na Burgundy.

Dabararsu ta fi ƙarfi a wajen lokaci. A ƙasar sanyi inabi na zubar da ganye ya yi barci, ya farka da kansa. A ƙasar zafi ba ya barci, sai manomi ya tsara masa shekara da almakashi. A Nashik ana yi masa aski sau biyu, na farko a Afrilu don ya fitar da sababbin rassa, na biyu a Oktoba don ya yi fure ya ba da 'ya'ya a cikin sanyi, a girbe daga Fabrairu zuwa Afrilu. A kwarin kogin São Francisco na Brazil, wajen garin Petrolina, da irin wannan dabarar da ban ruwa ake girbi sau biyu a shekara.

Ga Bodinga da Shagari, tagar ita ce hunturu, tagar da manomin alkama ke tseren kamawa a tsakiyar Nuwamba. Idan daga aski zuwa girbi ya ci kwana 130, wanda ya yi aski ranar 15 ga Oktoba zai girbe a ƙarshen Fabrairu. Wanda ya makara har tsakiyar Disamba, 'ya'yansa za su nuna a cikin wutar Afrilu. Manhajar kalanda ta waya ta isa yin wannan lissafin. A irin waɗannan ƙasashen ana shafa wa idon reshe wani sinadari don ya tofo gaba ɗaya, amma yana da haɗari ga fata da numfashi, bai kamata a taɓa shi ba sai da jagorancin malamin gona.

Kudan ita ce makaranta mafi kusa, kuma tafiya can a ga gona da ido ta fi bidiyo ɗari. Amma ita ma a kwafe ta da lura. Ƙasar Zazzau ta fi ta Sakkwato tudu da kusan mita 350 zuwa 400, kuma kowace mita 100 ta tudu na rage zafi da kusan digiri 0.6. Ga shi daminarsu ta fi tsawo. Sauke bayanan wuraren biyu a Sheets ɗaya zai nuna tazarar da ke tsakaninsu wata-wata.

Fili ƙafa 100 sau 100

A ɗauki filin da aka fi sani, ƙafa 100 sau 100, kusan murabba'in mita 900. A tazarar Burgundy zai ci tushe 900. A tazarar mita 3 sau 2 zai ci 150. Duk kuɗin da ake sayar da dashe ɗaya, na farkon ya ninka na biyun sau shida, ga layuka 30 na waya da bututu maimakon 10.

Ana iya auna fili da Google Earth ko manhajoji irin su GPS Fields Area Measure, inda mutum zai zagaya iyakar gona da waya a hannu. A tuna dai GPS na waya kan yi kuskuren mita 3 zuwa 5. A gona mai hekta biyar ba wani abu ba ne, amma a fili mai mita 30 kuskure ne babba. A nan igiya da tef sun fi tauraron ɗan'adam.

Lissafin ruwa ma mai sauƙi ne: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan gonar na buƙatar milimita 5 a rana, lita 4,500 ke nan, wato jarka 180 mai cin lita 25. Famfon sola da ke ba da lita 1,500 a awa zai yi awa uku yana aiki. Wanda rijiyarsa ke ƙafewa a Afrilu, gara ya san haka tun kafin ya sayi dashe. Ɗan ƙaramin ma'aunin gishirin ruwa, mai kama da biro, da masu sayar da ruwan leda ke amfani da shi, zai nuna ko ruwan ya dace, domin ban ruwa na ɗigo-ɗigo da ruwa mai kanwa yana tara gishiri a gindin itace.

Inabi kuma ba ya son ruwa ya kwanta masa a saiwa. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a watan Agusta, a riƙa ɗaukar hotonsa kullum bayan ruwan sama. Waya na ajiye ranar kowane hoto. Idan ruwa na kwana biyu ko uku a ramin, wurin na shinkafa ne.

Ma'aunin da zai kwana a gona

Don cike giɓin da NASA POWER ta bari, akwai hanya biyu. Mai sauƙin ita ce ƙaramin ma'aunin zafi da laima mai Bluetooth, irin na Govee ko SwitchBot, wanda ke ajiye bayanai a cikinsa har sai waya ta zo kusa ta kwashe.

Mai son haɗa nasa kuma, allon ESP32 da na'urar DHT22 don iska da DS18B20 mai jure ruwa don ƙasa sun isa. DHT22 na auna zafi da kuskuren da bai wuce rabin digiri ba. A rubuta lambar da za ta sa allon ya farka kowane minti 30, ya auna, ya rubuta a katin memori, ya koma barci. Da haka batirin 18650 guda ɗaya zai daɗe. Kada a dogara da aika bayanai ta layin waya kaɗai, domin sabis na iya ɗaukewa a ƙauye, katin kuwa yana nan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne wurin ajiyewa. Ma'aunin da rana ta buga, ko aka kulle a akwatin roba marar huji, zafin akwatin zai faɗa. A rataye shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa. A riƙa goge farantin sola duk 'yan kwanaki, don ƙurar hunturu na rufe shi da sauri.

Hotunan tauraron Sentinel-2 da ake gani kyauta a Copernicus Browser suna sabuntawa duk kwana biyar, amma kowane ɗigo a hoton mita 10 sau 10 ne. Filin ƙafa 100 ɗigo tara ne kacal. Ya fi amfani ga mai babbar gona. Manhajar Plantix kuma na iya hasashen cuta daga hoton ganye, sai dai a tabbatar a wurin malamin gona kafin a sayi magani.

Gwaji kafin jari

Akwai abin da ba ya cikin Sheets: gara da ke cin gindin dashe, tsuntsaye da jemagu da ke jiran 'ya'ya su nuna, awaki da ke neman ɗanyen ganye a tsakiyar rani, da mai sayar da dashe a Facebook wanda hotonsa daban, kayansa daban. Kafin a tura wa kowa kuɗi, a nemi shawara a Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a kuma kai ƙasar gonar a gwada.

Hanya mafi arha ita ce ƙaramin gwaji. Tushe 30 ko 40, layi biyu a tazarar mita 3 sau 2, layi ɗaya a ɗan matse don kwatance, rumfar waya a sama don ganye ya yi wa gungu inuwa. A rubuta ranar aski, ranar fure, ranar girbi, da nauyin abin da kowane layi ya bayar. Inabi kan fara ba da amfani na kirki a shekara ta biyu ko ta uku, saboda haka sauran filin ya ci gaba da albasa da tumatir don su riƙe gida.

Kasuwa ma tana da kalandarta. Azumin 2025 ya faɗo a watan Maris, kuma yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, wato shekaru masu zuwa zai riƙa faɗowa a tsakiyar hunturu, lokacin da ake neman kayan marmari na buɗa-baki. Mai son inabinsa ya riski wannan kasuwar sai ya ƙirga kwanaki baya daga ranar da ake sa ran ganin wata, ya ga ko ranar askin ta faɗo bayan ɗaukewar ruwan sama.

Duk wannan yana farawa ne da ma'auni ɗaya a rataye a gona kafin Nuwamba. Zuwa ƙarshen Maris zai tara bayanan kwana 150 na wannan gonar ita kaɗai, kuma da su za a yanke shawarar tazarar da za a bari tsakanin rami da rami.